RAHOTON MUSAMMAN: Cinya ko kujera? Abin da tikitin jariri ke saye a jirgin sama, da abin da ba ya saye

Duk wanda ya taɓa yankar tikitin jirgin sama ta intanet ya ga gurabe uku da ake cikewa tun kafin a nuna masa farashi: manya nawa, yara nawa, jarirai nawa. Akasarin mutane kan wuce wurin cikin ƙiftawar ido. Sai dai a lokutan da Abuja ke kwashewa, wato jajibirin Sallah, da ƙarshen shekara, da makon da makarantu ke bayar da hutu, waɗannan gurabe ne kan haddasa sa-in-sa a gaban teburin tantance fasinjoji na Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe. Ga uwa da goyo, ga kaya an auna, ga jirgi na shirin tashi, sai ma'aikaciya ta ce yaron nan ba ya cikin tikiti, ko kuma ya wuce shekarun zama a cinya.

Sau da yawa ba uwar ce ta yanki tikitin ba. Mijinta ne ya yanka daga ofis, ko hadimin maigida, ko jami'in tsara tafiye-tafiye na ma'aikata, wanda aka turo wa sunaye ta WhatsApp aka ce ya sa har da yaran. Shi ne kuma za a fara kira idan an samu tangarɗa.

Ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta, kuma kowace na da dalilinta. Amma akwai abu guda da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Tikitin jariri mai rahusa izinin shiga jirgi kawai yake saye, ba ya sayen kujera. Kuma masu binciken haɗarin jiragen sama sun shafe fiye da shekara 30 suna nanata cewa hannun uwa, komai ƙarfinsa, ba ya maye gurbin kujerar.

Ranar cika shekara biyu

A tsarin da kusan dukkan kamfanonin jiragen sama ke bi, jariri shi ne wanda bai cika shekara 2 ba. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 12 yaro ne. Daga 12 kuwa, a wajen farashi babba ne, ko da a gida har yanzu shi ake aika sayen Maggi.

Abin lura shi ne ranar da ake duba shekarun. Ranar tashin jirgi ake dubawa, ba ranar yankar tikiti ba, kuma kowane zango na tafiyar da lissafinsa. Yarinyar da za ta cika shekara 2 ranar 28 ga Disamba za ta iya zuwa Yola a cinya ranar 20 ga wata, amma idan dawowar ta faɗo ranar 4 ga Janairu, dole ta zauna a kujerar kanta. Kamfanoni sun bambanta kan yadda ake biya: wasu kan caji kuɗin yaro na zuwa da dawowa gaba ɗaya, wasu na dawowa kaɗai, ƙalilan kuma kan bayar da kujerar dawowar ba tare da ƙari ba idan an sanar da su tun da wuri. Wanda ya bari sai a filin jirgi zai sayi kujerar a farashin ranar, in ma an samu sauranta. Hutun da aka tsawaita da mako biyu, ko taron da aka ɗage, ya isa ya tsallakar da yaro daga wannan rukuni zuwa wancan.

Da kalandar Miladiyya ake lissafin, bisa kwanan watan da ke kan fasfo ko takardar haihuwa. Gidan da ke ƙidayar watannin yaye da kalandar Musulunci zai ga ɗansa ya cika biyu kimanin kwana 22 kafin kamfanin jirgi ya ɗauke shi a haka. Wanda kuma ya rage wa ɗansa watanni don ya kauce wa kuɗin kujera, ya sani cewa ma'aikatan tantancewa na da ikon neman shaida, kuma yaro mai gudu da surutu da aka ce wata 20 gare shi ne na farko da za a nemi takardarsa.

Akwai iyaka ta ƙasa ma. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar jinjirin da bai kai kwana 7 ba, wasu ma kwana 14, sai da takardar likita. Matar da ta tafi wankan gida Kano, Sakkwato ko Maiduguri, za ta dawo Abuja bayan arba'in, ta riga ta wuce wannan iyaka. Amma bakwaini, ko jaririn da ke da matsalar huhu ko zuciya, na buƙatar ganin likita kafin tafiya, domin iskar cikin jirgi daidai take da ta saman tsauni mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Haka nan ba a yanka wa wanda ba a haifa ba tikiti. Na uwa ake fara yanka, bayan suna a kira kamfani a ƙara jaririn a kai.

Kashi 10 cikin 100 na me?

A jiragen ƙasa da ƙasa, al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce jaririn cinya ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, sannan a ɗora wasu haraji. A zirga-zirgar cikin Amurka kuwa kyauta ake ɗaukarsa, abin da ya sa wasu ke zaton ko'ina haka ne. A Najeriya kowane kamfani da nasa lissafin, don haka a shafin kamfanin ake tabbatarwa. Ko nawa ne kuɗin, dole sunan jaririn ya shiga takardar fasinjoji, domin da ita matuƙi ke sanin adadin rayukan da ya ɗauka, da ita kuma ma'aikata ke tanadar kayan ceto na jarirai.

Kashi 10 ɗin na kuɗin sashen da babban zai zauna ne. Idan, alal misali, tikitin uwargida a sashen alfarma zuwa Landan ya kai naira miliyan 8, na jaririn da ba shi da kujera zai tasam ma naira 800,000 kafin haraji. Wani abin da kan ba hadimai mamaki shi ne, a kamfanoni da dama, idan aka ƙara jariri bayan an riga an yanki tikitin babba, da farashin ranar ake fitar da kason, ba da wanda aka biya wata biyu baya ba. Idan kuma da makin yawan tafiye-tafiye aka karɓi tikitin babban, wasu kamfanoni kan nemi kashi 10 na farashinsa na kuɗi tsaba.

Ma'aikaciya mai shayarwa da ofis ya tura aiki Legas ko Fatakwal na da nata abin lura. Idan ta hannun dillali ofis ya yanki tikitinta, galibi dillalin ne zai iya ƙara jaririn a kai. Gara ta faɗa tun lokacin da ake shirya takardun tafiya, da ta tsinci kanta tana neman lambar dillali da asuba a filin jirgi.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 11 kuwa kujera gare shi, don haka kuɗinsa ya fi kusa da na babba. Rangwamen da aka saba gani a dogon zango shi ne kashi 25 cikin 100, amma ba wajibi ba ne a kan kowane kamfani, kuma tikiti masu arha sau da yawa ba sa ɗauke da shi. Inda ma ake bayarwa, a kan ainihin kuɗin tafiya yake sauka. Ƙarin kuɗin mai da kuɗaɗen filayen jirgi galibi ba sa raguwa. A ɗauki tikitin naira miliyan 1, wanda 600,000 daga ciki ne ainihin kuɗin tafiya, 400,000 kuma ƙare-ƙare. Yaro zai biya 850,000. Rangwamen da aka kira kashi 25 ya koma 15.

Akwai inda shigar da ranar haihuwa daidai ke rage kuɗi. Birtaniya na karɓar harajin fasinja daga duk mai tashi daga filayenta, amma tun watan Maris na 2016 ta ɗauke shi daga kan 'yan ƙasa da shekara 16 da ke sashen gama-gari. Ɗan shekara 13 da aka shigar a matsayin babba kawai, ba tare da ranar haihuwarsa ba, zai iya biyan harajin da ba ya kansa.

Me ya sa ake tayar da mai goyo daga kujerarta?

Ƙa'ida ta farko ita ce babba ɗaya, jaririn cinya ɗaya. Mai tagwaye, ko mai jinjiri da wansa ɗan wata 20, na da zaɓi biyu: ta tafi da wani babba, ko ta saya wa ɗaya kujera ta ɗaure shi a kujerar yara da aka amince da ita. Dokar Kanada ma ba ta yarda da zaɓi na biyun ba, a wurinta fasinja ɗaya ba ya ɗaukar nauyin jarirai biyu ko da ya sayi kujeru. Babban da ake nufi kuma yana da shekaru. Kamfanoni da yawa sun sa 16, wasu 18. 'Yar raino mai shekara 14, komai iya goyonta a gida, ba ta cika sharaɗin ba.

Ta biyu ta shafi numfashi. A saman kowane jerin kujeru akwai takunkuman iskar oksijin da ke saukowa idan iskar cikin jirgi ta zube. Yawanci da ɗaya kawai suka ɗara yawan kujerun. A jirgi irin Boeing 737, inda kujeru uku ke kowane gefe, takunkumi huɗu ne. Idan jarirai biyu suka haɗu a jeri ɗaya mai cike, baki biyar ke nan a kan takunkumi huɗu. Shi ya sa ake raba mata da miji masu tagwaye, wannan a hagu wancan a dama, ko a tayar da mai goyo daga kujerar da ta zaɓa tun a gida. A wasu ƙananan jirage ma gefe ɗaya kaɗai ke da rarar takunkumin. Umarnin nan da kan yi wa iyaye mata nauyi, cewa babba ya fara sa nasa kafin na yaro, shi ma lissafi ne. A tsawon ƙafa 35,000, daƙiƙa 30 zuwa 60 kawai mutum ke da su kafin hankalinsa ya fara gushewa, kuma uwar da ta suma ba ta iya taimakon kowa.

Ta uku ita ce layin ƙofar gaggawa, wanda hadimai ke son kama wa maigida saboda wurin miƙe ƙafa. Ba a zaunar da jariri a nan, ko yaro, ko wanda ke kula da yaro. A Amurka sai wanda ya kai shekara 15. Mai zama a wurin shi ake sa ran zai buɗe ƙofa mai nauyi cikin hanzari, hannuwansa biyu a sake.

Ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon da ke raba sassan jirgi, a manyan jiragen dogon zango ake samunsa. Ba shi da yawa, wanda ya riga nema shi ke samu, kuma yana da iyakar nauyi, tsakanin kilo 10 zuwa 14 gwargwadon kamfani. Ba a amfani da shi lokacin tashi da sauka, kuma kamfanoni da yawa kan nemi a ɗauke jaririn daga ciki duk lokacin da aka kunna alamar ɗaura bel.

Mai bi ta Addis Ababa, Alƙahira, Doha ko Istanbul ya duba wani abu kuma. Akan yanki tikiti da sunan kamfani ɗaya, amma wani kamfanin ne zai ɗauki zango na biyu. A batun zama, ƙa'idar mai jirgin ake bi, ba ta mai tikitin ba.

Darasin Sioux City

Ranar 19 ga Yuli, 1989, jirgin United Airlines mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya tashi daga Denver zuwa Chicago a Amurka da mutum 296. Injin wutsiyarsa ya tarwatse a sama, ya tsinke hanyoyin sarrafa jirgin, matuƙa suka lallaɓa shi zuwa filin jirgin Sioux City a Jihar Iowa, inda ya kife ya kama da wuta. Fiye da mutum 110 suka rasu, sama da 180 suka tsira. Akwai jariran cinya huɗu a ciki. Bisa tsarin wancan lokaci, ma'aikata sun umarci iyaye su kwantar da su a ƙasa su riƙe su. Da jirgin ya daki ƙasa, riƙon bai yiwu ba. Ɗaya daga cikin yaran ya rasu. Wata jaririyar kuma wani fasinja ne ya ji kukanta, ya koma cikin hayaƙi ya ɗauko ta. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, wadda ita ta isar da umarnin, ta shafe shekaru masu yawa bayan haka tana fafutukar a wajabta wa kowane yaro kujera.

Shekara biyar bayan nan, ranar 2 ga Yuli, 1994, jirgin USAir mai lamba 1016 ya faɗi a Charlotte, mutum 37 suka rasu. Cikinsu akwai jaririya 'yar wata 9 da ta suɓuce daga hannun mahaifiyarta. Uwar, wadda bel ya riƙe, ta rayu.

Dalilin ba ya buƙatar dogon ilimi. Ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1988 ta ce a gwada kujerun sababbin samfuran jiragen fasinja su jure fizgar da ta ninka nauyin jiki sau 16. A irin wannan fizga, jariri mai kilo 10 kan koma tamkar kilo 160, wato fiye da buhun siminti uku, cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Babu hannun da zai riƙe wannan.

Faɗuwar jirgi abu ne mai wuyar aukuwa. Abin da ya fi yawa shi ne gargadar iska, wadda kan zo wani lokaci sama na garau, babu gargaɗi. Ranar 21 ga Mayu, 2024, jirgin Singapore Airlines daga Landan ya faɗa cikin irinta, fasinja ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni, aka karkata zuwa Bangkok. Waɗanda ba su ɗaura bel ba sun bugi rufin jirgin. Kafin nan, ranar 5 ga Janairu, 2024, wani ɓangaren bangon jirgin Alaska Airlines ya ɓalle a sama jim kaɗan bayan tashi daga Portland, iskar da ta fita ta fizge rigar wani matashi daga jikinsa. Akwai jariran cinya uku a jirgin, kuma babu wanda ya rasu. Shugabar Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta yi amfani da lamarin wajen sake kira ga iyaye su riƙa saya wa jarirai kujera. Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ita ma ta fitar da kundi a 2015 kan kujerun ɗaure yara, bisa matsayin cewa nan ne wuri mafi aminci ga ƙaramin yaro.

Ɗan ƙaramin bel ɗin da ake ba mai goyo, wanda ake zura shi cikin nata, a Turai da ƙasashe da dama ƙa'ida ne. Yana hana jariri tashi sama a gargada. A Amurka kuwa an haramta shi, saboda a bugu mai ƙarfi jikin babba kan nannaɗe kan yaron, bel ɗin kuma ya matse masa ciki. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, ba a haɗa uwa da jariri cikin bel ɗaya. Ɗaure yaro a ƙirji da zane ko majanyi shi ma ba ya cikin abin da aka amince da shi lokacin tashi da sauka.

Wanda ya zaɓi saya wa jariri kujera galibi kuɗin yaro zai biya, kuma sai ya zo da kujerar yara ta mota mai ɗauke da tambarin da ke nuna an amince a yi amfani da ita a jirgin sama. Wadda faɗinta bai wuce santimita 40 ba kan shiga mafi yawan kujeru. A gefen taga ake ɗaura ta, don kada ta tare wa kowa hanya. Ga yaro mai kilo 10 zuwa 20 akwai wata ɗamarar kafaɗa mai suna CARES, wadda ba ta da nauyin ɗauka. Ba kowane kamfani ke karɓar kowane samfuri ba, don haka a tambaya kafin a biya, kuma a nemi amsar a rubuce.

Jirgi ko titi

Idan hujjojin sun kai haka, me ya hana a wajabta kujerar? A 2005 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, FAA, ta janye shirin yin hakan. Hujjarta ita ce, idan aka tilasta wa iyali sayen ƙarin tikiti, wasu za su haƙura da jirgi su hau mota, kuma titi ya fi sama cin rai nesa ba kusa ba. Ta ƙiyasta cewa dokar za ta iya jawo ƙarin mutuwar mutum 13 zuwa 42 a kan tituna cikin shekara 10. Wato iyakar shekara 2 sulhu ce tsakanin aljihu da aminci. Babu wani abu da ke faruwa a jikin yaro ranar da ya cika biyu wanda ya sa jiya cinya ta ishe shi, yau ba ta isa ba.

Wannan lissafi ya fi nauyi a Najeriya. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna fiye da mutum 5,000 na rasuwa a kan tituna a shekara, ban da fargabar masu garkuwa da mutane da ta sa iyalai da yawa suka ƙaurace wa wasu hanyoyin. Ma'aikacin da albashinsa ya tsaya a kan tikitin mata da jaririn cinya, kada wannan bayani ya tura shi tashar mota. Jariri a cinya cikin jirgi ya fi jariri a cinya cikin motar haya tsira ta kowace fuska. Abin da ya rage wa uwar shi ne ta bar bel ɗinta a ɗaure duk tsawon tafiya, ta bi umarnin ma'aikata kan na jaririn, kuma ta rage kai-kawo da shi a tsakiyar jirgi.

Amma iyalin da ke da halin sashen alfarma na da wani lissafin. Sau da yawa kujeru biyu a sashen gama-gari, ɗaya ta uwa ɗaya ta jariri a ɗaure, ba su kai kuɗin kujera ɗaya ta alfarma da kason jaririn cinya ba.

Yaro a layi na 8, uwa a na 23

Sayen kujera ba ya nufin za a zauna tare. Tun da kamfanoni suka fara sayar da zaɓin wurin zama, na'ura ce ke rarraba waɗanda ba su biya ba, kuma takan jefa ɗan shekara 4 tsakanin baƙi. Wasu ƙasashe sun sa baki. Dokar kare fasinja ta Kanada ta 2019 ta ce a zaunar da 'yan ƙasa da shekara 14 kusa da iyayensu kyauta: wanda bai kai 5 ba a kujerar da ke manne da ta babba, ɗan 5 zuwa 11 a layi ɗaya ba tare da tazarar fiye da kujera guda ba, ɗan 12 ko 13 kuma kada ya wuce layi ɗaya. A watan Afrilu na 2024 hukumar jiragen saman Indiya ta umarci kamfanoni su zaunar da yara har zuwa shekara 12 tare da aƙalla ɗaya daga iyayensu. A watan Agusta na shekarar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta gabatar da daftarin haramta cajin iyaye a kan haka.

Sharaɗin da ke cikin umarnin Indiya shi ne darasin ga mai yankar tikiti a Abuja: sai idan yaro da babba na ƙarƙashin lambar tikiti ɗaya. Hadimin da ya yanki na maigida daban saboda kuɗin ofis, na yara daban saboda kuɗin gida, ya mayar da su baƙin juna a idon na'ura. Ya kira kamfani a haɗa lambobin biyu, ya kama kujeru tun ranar yanka, ko aƙalla da zarar an buɗe tantancewa ta intanet. Roƙon fasinjoji su yi musayar wuri a cikin jirgi alfarma ce, ana iya yi ana iya ƙi.

Yaron da zai tafi shi kaɗai, kamar ɗaliban makarantun kwana, yana da tsari na daban. Galibi ba a karɓar wanda bai kai shekara 5 ba. Daga 5 zuwa 11 sai an cike takarda, an biya kuɗin rakiya, an rubuta sunan mai tarba, wanda zai nuna katin shaida kafin a miƙa masa yaron.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Don tafiyar cikin gida, a riƙe takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Don ƙetare, kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, ko kwanansa 40 a duniya, kuma fasfo na buƙatar lambar NIN. Sunan da ke kan tikiti ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai fita da yaro, ko kaka, ko gwaggo, a tanadi takardar amincewar iyaye, domin jami'an shige da fice na iya nema a nan ko a can. Allurar shawara daga wata 9 ake yin ta, kuma katinta ba ya fara aiki sai bayan kwana 10.

Madara da abincin jariri ba sa cikin dokar mililita 100 ta kayan ruwa, muddin adadin ya yi daidai da tafiyar, amma a fito da su a nuna wa masu bincike. Keken tura jariri galibi kyauta ake ɗaukarsa. Lokacin sauka, wanda shi ne ya fi damun kunnen yara, shayarwa ko tsotson wani abu na sauƙaƙa musu. Idan aka samu saɓani da kamfani, a fara kai ƙorafi gare shi a rubuce. In bai biya ba, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, na da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi.

Ga hadimi ko jami'in da aka ba aikin yanka, tambayoyi huɗu ne za su raba shi da kiran wayar asuba: cikakkiyar ranar haihuwar kowane yaro, nauyin jaririn, wa zai riƙe shi, da ranar dawowa ta haƙiƙa. Sai kuma abu na ƙarshe, wanda ba hurumin hadimi ba ne ya yanke shi a madadin kowa. Ya fitar da farashi biyu, na cinya da na kujera, ya ajiye wa iyayen yaron tare da bayanin bambancinsu. Su ne za su zaɓa, kuma ya kamata su zaɓa suna sane da abin da kowane ɗaya ke saye.